Kurangar Nomau

A Mirriya, bayan rijiya ta uku,
inda ƙasa ke da duhu kamar hanta,
kakana Nomau ya dasa wani ɗan itace
da bai kai tsawon alƙalami ba.
Wani mai raƙumi ne ya ba shi a Zango,
naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.
Ya ce daga duwatsun Abzin ya fito,
ya ce sunansa inabi,
ya ce kuma ba ya son mai gaggawa.

Kyari mai albasa ya leƙo ta kan darni:
"A ƙasar da ake sayen ruwa da garwa
ka ɗauko baƙo mai ƙishirwa?"
Kakana bai tanka ba.
Ya kafa masa rumfar kara,
ya raba ruwan butarsa biyu.

Shekarar fari, ganye kawai.
Ta biyu, akuyar Tsahara ta cinye ganyen.
Ta uku gara ta ci ƙafar rumfa,
kurangar ta kwanta kamar mai masassara,
ya ɗaga ta da hannu biyu
yadda ake kai tsoho inuwa.

A ta huɗu muka ga 'ya'ya,
gungu bakwai, kore shar,
masu tsamin da ke rufe ido ɗaya.
Ya ɗinke kowanne cikin tsohon gidan sauro
don jemage, don tsuntsu, don ni.
Rana ta bazara ta yi aikinta
har suka yi ja, suka zarce ja,
suka koma launin rinin da ya sha bugu.

Ranar matsa, da asuba,
ya wanke ƙwarya sau uku.
Ruwan ya bi ta cikin farin ƙyalle
a hankali, kamar mai jin kunyar fitowa,
ya rina masa layukan tafin hannu.
Duk wahalar shekara huɗu
ba ta cika kwano biyu ba.

Liman Ciroma ya duba, ya shinshina:
"Ku sha yau, kada ya kwana.
Abin nan in ya kwana sai ya sake suna."
Aka yi dariya, aka yi bismilla,
ludayi ya kewaya.

Na ji zaƙi tukuna, kamar na dabino sabon tsinka,
sai ɗan ɗaci a gefen harshe,
sai ƙarfen gugar rijiyarmu,
sai kanwa kaɗan, can ƙasa,
da ƙamshin yashi in an yayyafa masa ruwa.
Ashe baƙon ya koyi maganar garinmu.
Kyari ya lashe baki ya ce,
"Zoborodo ya fi shi arha,"
amma bai saki ludayin ba.

Yanzu ina Damagaram, cikin Birni.
Jiya a kasuwar Dole na ga inabi a leda,
mai sanyi, mai sheƙi, babu ƙwallo,
ya ƙetaro ƙasashe a bayan mota.
Na ɗanɗana ɗaya.
Bai gaya mini sunan kowace rijiya ba.

Kakana ya rasu da sauran jan a farcensa.
Rijiyar ta ƙara nisa gaba biyu.
Kurangar ta yi kaurin damtse,
kuma ɗan Kyari ne ke ba ta ruwa,
ba wanda ya sa shi.

Na yanko nawa reshen da na je ta'aziyya.
Yana nan bayan ɗaki, jikin dutse,
inda ƙadangaru ke yi masa kallon raini.
Famfon unguwarmu sai ƙarfe uku na dare,
in ya ga dama.
Nakan tashi, in tari abin da ya samu,
in raba biyu.
Bana ganye huɗu ya yi.
Maƙwabciyata tana da akuya.